Yadda makarantun rawar bale suka samo asali: tambayoyi da amsoshi

Wanda ya taɓa ganin bidiyon yarinya tsaye cak a kan ƙarshen yatsun ƙafarta, tana juyi kamar mazari, yakan tambayi kansa wa ya ƙirƙiro wannan wahala, kuma a ina ake koyonta. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda suka fi zuwa wa mai son sanin asalin abin. Labarin na Turai ne, ya faro daga fadojin Italiya, ya girma a Paris, sannan ya bazu zuwa Rasha da Denmark da sauran wurare.

Mece ce ma bale, kuma daga ina sunan ya fito?

Bale rawa ce ta dandamali mai tsattsauran tsari. Kowane taku yana da suna, kowace tsayuwa tana da ƙa'ida, kuma ana shafe shekaru takwas ko fiye ana koyonta kafin a ce mutum ya iya. Sunan ya fito daga kalmar Italiyanci ballo, wato rawa, da 'yar ƙanwarta balletto, ƙaramar rawa. Faransawa suka ɗauka suna rubuta ballet, amma ba sa furta harafin ƙarshe, shi ya sa kunne ke jin bale.

A ƙarni na 15 sarakunan biranen Italiya kamar Ferrara da Milan da Florence suna gasar nuna isa ta hanyar bukukuwa, kuma kowace fada mai ji da kanta tana ajiye malamin rawa. Domenico da Piacenza, wanda ya yi wa gidan sarautar Este hidima a Ferrara, yana cikin na farko da suka zauna suka rubuta ƙa'idojin rawa a littafi, wajen tsakiyar ƙarnin. Almajirinsa Guglielmo Ebreo, Bayahude daga Pesaro, ya rubuta nasa a 1463. Ɗaliban waɗannan malamai 'ya'yan sarauta ne, kuma darasin a cikin fada ake yinsa. Makaranta mai ƙofa buɗe ga kowa, da saura.

To yaya aka yi ta koma hannun Faransawa?

Aure ne ya kai ta. Catherine de' Medici, 'yar babban gidan attajiran Florence, ta auri yariman da ya zama Sarki Henry na 2 na Faransa a 1533, kuma ta daɗe tana juya al'amuran fadar bayan mutuwar mijinta, lokacin da 'ya'yanta ke hawa gadon sarauta ɗaya bayan ɗaya. Makaɗa da malaman rawa 'yan Italiya suka cika fadar. Ɗaya daga cikinsu, mai goge Baldassare da Belgioioso, har suna ya sauya zuwa Balthasar de Beaujoyeulx don ya shiga bakin Faransawa.

Shi ne ya shirya wasan da marubuta tarihi da dama ke ɗauka a matsayin bale na farko, Ballet Comique de la Reine, ranar 15 ga Oktoba 1581, a bikin auren ƙanwar Sarauniya Louise, matar Sarki Henry na 3, ɗan Catherine. An fara wajen ƙarfe 10 na dare, ba a tashi ba sai bayan awa biyar. Abin lura shi ne masu kallo da yawa suna zaune ne a saman bene suna leƙo fili, don haka gwanintar tana cikin siffofin da masu rawa ke zanawa a ƙasa da jerin jikinsu: da'ira, kusurwa uku, murabba'i. Tsalle da ɗaga ƙafa sama ba su ne abin yabo ba a lokacin. Masu rawar kuma manyan matan fada ne, har da sarauniyar kanta.

Da gaske ne sarki sukutum yakan fito fili ya taka rawa?

Ƙwarai kuwa. Louis na 14, wanda aka haifa a 1638, ya hau sarauta yana ɗan shekara huɗu, kuma tun yana yaro ake koya masa rawa kamar yadda ake koya masa hawan doki da sarrafa takobi. A watan Fabrairu 1653, yana da shekara 14, ya fito a wani dogon wasa mai suna Ballet Royal de la Nuit, wanda ke nuna abin da ke faruwa cikin dare daga faɗuwar rana zuwa asuba. A ƙarshen wasan sai ga yaron ya bayyana cikin tufafin zinariya a matsayin rana mai fitowa. Laƙabinsa na Sarkin Rana yana da alaƙa da wannan fitowa.

A duba shekarar da kyau. Daga 1648 zuwa 1653 Faransa tana cikin tawayen da ake kira Fronde, inda manyan masu sarauta da alƙalan Paris suka yi wa fada bore, har sai da aka fice da yaron daga birnin cikin dare. Tawayen na lafawa aka shirya wannan wasa, fadawa suna kewaye da rana suna rusuna mata a gaban jama'a. Ba sai an fassara wa kowa saƙon ba. Louis ya ci gaba da fitowa a wasannin fada har zuwa wajen 1670.

Wace ce makarantar bale ta farko a duniya?

Amsar da aka saba bayarwa ita ce Académie Royale de Danse, wadda Louis na 14 ya kafa a Paris a watan Maris 1661. Amsar tana da gaskiya a cikinta, amma tana ɓatar da mutane, domin suna ɗauka wani gini ne mai azuzuwa da yara suna jere suna ɗaga ƙafa. Abin da aka kafa majalisa ce ta ƙwararrun malaman rawa 13, irin majalisar da aka riga aka yi wa harshen Faransanci a 1635 da ta masu zane da sassaƙa a 1648.

Takardar sarki da ta kafa ta ta bayyana dalilai. Ta ce rawa tana cikin abubuwan da suka fi dacewa wajen horar da jiki da shirya shi don ɗaukar makami. Ta ce a lokacin hargitsin yaƙe-yaƙen baya jahilai sun kutsa cikin sana'ar sun lalata ta, har ta kai kaɗan ne daga cikin mutanen fada ke iya shiga wasannin sarki ba tare da sun ba da kunya ba. Aikin mutum 13 ɗin shi ne su gyara wannan. Dokokinsu sun ce su riƙa zama sau ɗaya a wata, duk ranar Asabar kuma biyu daga cikinsu su karɓi sauran masu son koyar da rawa su gyara musu. Wanda ya ƙirƙiro sabuwar rawa sai ya kawo ta gabansu sun amince kafin ya nuna wa jama'a. A madadin haka aka yafe musu wasu haraji da aikin gadin gari.

A takarda ke nan. A aikace, majalisar ba ta bar wani kundi na zamanta da ya iso hannun masu bincike ba, kuma labarin da aka daɗe ana bayarwa shi ne membobin sun fi son haɗuwa a wata mashaya mai suna Takobin Katako a kan ɗakin da aka ba su a fadar Louvre. Shekara ɗari bayan kafa ta, mashahurin mai shirya raye-raye Jean-Georges Noverre ya caccake ta a rubuce kan cewa ba ta wallafa komai ba. Mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi. Ta yi ta dusashewa har ta ɓace a ƙarshen ƙarni na 18. A ganina muhimmancinta ɗaya ne, amma babba: ranar da aka buga mata hatimi, gwamnati ta amince cewa rawa fanni ne mai ƙa'ida, mai zaman kansa, wanda za a iya cewa wane ya iya, wane bai iya ba.

Sarki bai da aikin da ya fi wannan ne a farkon mulkinsa?

Kadinal Mazarin, wanda ya riƙe masa ragamar mulki tun yana yaro, ya mutu ranar 9 ga Maris 1661. Louis ya sanar cewa ba zai naɗa wani babban waziri ba, da kansa zai yi mulki. A cikin wannan watan aka kafa majalisar rawa. Majalisar kimiyya sai 1666 ta zo, ta gine-gine kuma 1671.

Wannan jeri bai zama abin dariya ba sai ga wanda bai san fadar ba. A can yadda mutum ke shiga ɗaki, yadda yake cire hula, zurfin rusunawarsa da wanda yake bi a jerin rawa, duk suna faɗin matsayinsa. Basaraken da ke kwana yana tunanin ko zai yi tuntuɓe a gaban sarki gobe yana da ƙarancin lokacin tara mayaƙa a ƙauyensa. Louis ya ga abin da waɗannan mutane suka yi lokacin yana yaro, bai kuwa manta ba.

Babu wanda ya ja da wannan sabuwar majalisa?

An ja, sosai ma. Tun 1321 akwai ƙungiyar makaɗan Paris mai alaƙa da sunan waliyyi Julien, kuma ita ke ba da izinin kiɗa da koyar da rawa, ta karɓi kuɗi a kai. Shugabanta yana da sarauta mai suna sarkin masu goge, kusan abin da Bahaushe zai kira sarkin makaɗa. A al'adar lokacin malamin rawa da ɗan ƙaramin gogensa yake yawo a aljihun riga, yana kaɗawa yana koyarwa, don haka ƙungiyar na ganin rawa 'yar gidanta ce.

Sai ga takardar sarki ta ce mutum 13 ɗin nan ba sa bukatar izinin kowa. Sarkin masu goge na lokacin, Guillaume Dumanoir, ya kai ƙara, sannan a 1664 ya wallafa ɗan littafi yana kafa hujja cewa kiɗa da rawa mata da miji ne, ba a raba su. Masu majalisa suka ce rawa jiki ce mai cin gashin kanta. Ƙasan duk wannan falsafa kuɗin lasisi ne. Ƙungiyar ta sha kaye, domin wanda ke da sarki a bayansa ba a kayar da shi a kotun sarki.

To a ina aka fara koyar da 'yan rawa na sana'a?

A gidan opera, wato gidan wasan kwaikwayo na waƙa. A 1669 Louis ya bai wa wani mawaƙi, Pierre Perrin, izinin kafa irin wannan gida a Paris. Perrin ya shirya wasa ya samu karɓuwa, amma abokan hulɗarsa suka cuce shi, ya ƙare a gidan kaso saboda bashi. Jean-Baptiste Lully, ɗan Florence wanda ya zo Faransa yana yaro, ya yi rawa tare da sarki a wasan 1653, ya kuma zama babban makaɗin fada, shi ya sayi izinin a 1672. Gidan ya koma Académie Royale de Musique, Pierre Beauchamp, malamin rawar sarki, ya zama mai shirya raye-rayensa. Ƙungiyar rawa ta Opera ta Paris da ake gani yau daga nan ta samo tushe, kuma ita ce mafi tsufa a duniya.

Opera irin ta Faransa ba ta cika sai da rawa a tsakiyarta, mutane kuma tikiti suke saya su shigo. Wanda ya biya kuɗinsa ba ya son kallon basarake yana lallaɓawa, gwani yake so. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Takun ya yi ta ƙara wuya har ya fi ƙarfin wanda ke yinsa don nishaɗi.

A 1713, shekara biyu kafin mutuwarsa, Louis ya ba da umarnin buɗe makaranta a cikin Opera inda za a koyar kyauta. Wannan ita ce makarantar bale mafi daɗewa da har yanzu take aiki. Da farko ma'aikatan gidan take gogewa, manya. Sai a 1784, zamanin Louis na 16, aka ware aji na yara 'yan ƙasa da shekara 12, bayan an gane cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Tun 1987 makarantar tana Nanterre a gefen Paris.

Tun da an ambaci Lully, ƙarshensa ya cancanci layi biyu. A farkon 1687 yana jagorantar makaɗa da doguwar sanda da yake bugawa a ƙasa, ya kuskure ya daki yatsan ƙafarsa. Ciwon ya ruɓe, likitoci suka ce a yanke, ya ƙi. A watan Maris ya mutu.

Mata fa, tun farko suna ciki?

A fada, matan sarauta suna rawa. A dandamalin da ake biyan kuɗi kuwa, maza ne ke fitowa a matsayin mata, da abin rufe fuska. Sai a 1681, a wasan Le Triomphe de l'Amour, aka ga mata 'yan sana'a a dandamalin Opera, ƙarƙashin jagorancin wadda ake kira Mademoiselle de La Fontaine.

Matsalarsu tufafi ne. Namiji ƙafafunsa a bayyane suke, mace kuma tana cikin doguwar riga mai nauyi har ƙasa, da takalmi mai dunduniya. Marie Camargo, wadda ta fara fitowa a Paris a 1726, ta iya tsallen da ake harɗa ƙafafu a iska, wanda a da na maza ne. Ta ga ba amfanin gwanintar da ba a gani, sai ta rage tsawon siket ɗinta zuwa saman idon sawu. 'Yan inci kaɗan ne, amma sun tada ƙura. Kishiyarta a sana'a, Marie Sallé, ta bi wata hanyar: a Landan a 1734 ta fito da riga mara nauyi, gashinta a sake, domin ita labarin da jiki ke bayarwa ya fi damunta a kan tsalle. Abin rufe fuska kuwa ya daɗe. Noverre ya yi kira a jefar da shi a littafin wasiƙunsa na 1760, kuma a 1772 Maximilien Gardel ya fito a Opera fuska a buɗe. Ranar haihuwar Noverre, 29 ga Afrilu, ita ake yi wa bikin ranar rawa ta duniya yanzu.

Mene ne tsayuwa biyar da ake yawan ambata, kuma me ya sa suke buɗe ƙafa kamar agwagwa?

Gwada ka gani. Tsaya ka haɗa diddigenka biyu, ka juya yatsun ƙafar dama zuwa dama, na hagu zuwa hagu. Tsayuwa ta farko ke nan. Raba diddigen da tazarar tafin ƙafa guda, ka samu ta biyu. A ta uku diddigen ƙafa ɗaya yana manne da tsakiyar ɗayar. A ta huɗu ƙafa ɗaya tana gaba da taku guda. A ta biyar an harɗe su gaba ɗaya, diddigen kowace yana taɓa yatsun 'yar'uwarta. Kusan kowane taku a bale daga ɗaya cikin waɗannan yake tashi, a ɗaya kuma yake sauka. Pierre Rameau, a littafinsa na 1725, ya ce Beauchamp ne ya tsara su.

Idan ka gwada za ka ji gwiwarka na ƙorafi, domin juyin daga ƙugu ya kamata ya taso, kuma ƙugun babba ya riga ya ƙage. A zamanin Louis buɗewar kaɗan ce, irin tsayuwar mai wasan takobi, tana ba mutum damar matsawa kowane gefe ba tare da ya juya wa sarki baya ba, tana kuma nuna sharaɓar ƙafa, wadda mazan lokacin ke alfahari da ita. Da wasa ya bar tsakiyar zaure ya hau dandamali, masu kallo duk suna gaba ɗaya, sai buɗewar ta ƙara amfani. Zuwa ƙarni na 19 malamai suna neman ƙafafun biyu su zama miƙaƙƙen layi guda.

Yaya ake adana rawa a lokacin da babu kyamara?

An ƙirƙiro mata rubutu. A 1700 Raoul-Auger Feuillet ya wallafa littafi mai suna Chorégraphie. In ka buɗe shafi za ka ga layin kiɗa a sama, a ƙasa kuma wani zare mai lanƙwasa yana nuna hanyar da mai rawa zai bi a ɗaki, gefe da gefensa ƙananan alamu kamar sawun tsuntsu: nan a durƙusa, nan a miƙe, nan a yi tsalle, nan a juya. Beauchamp ya kai ƙara a 1704 yana cewa aikinsa ne aka kwashe. John Weaver ya fassara littafin zuwa Ingilishi a 1706. Daga nan malamin rawa a Landan ko a wata fadar Jamus yana iya karɓar sabuwar rawar Paris a cikin wasiƙa ya koya wa ɗalibansa.

Wannan, tare da yawan malaman Faransa da suka bazu a fadojin Turai, shi ya sa har gobe sunayen takun na Faransanci ne. Malama a Tokyo ko Havana plié za ta ce in tana son yara su lanƙwasa gwiwa.

Me ya kawo Rasha cikin labarin, har ake ganin kamar su suka ƙirƙiro abin?

Sarakunan Rasha bayan Peter Mai Girma suna son fadarsu ta yi kama da ta Yammacin Turai. Wani Bafaranshe, Jean-Baptiste Landé, yana koyar da rawa a makarantar horar da hafsoshin soja a Saint Petersburg. Ya roƙi Sarauniya Anna ta ba shi damar buɗe makaranta ta musamman, ta amince a 1738. Aka ba shi ɗakuna a Fadar Hunturu da ɗalibai 24, mata 12 maza 12.

A tambayi su waye yaran. 'Ya'yan barorin fada ne. A Mosko abin ya fi haka fitowa fili: a 1773 aka ɗauko wani ɗan Italiya, Filippo Beccari, ya koyar da rawa a gidan marayun da Sarauniya Catherine ta 2 ta gina, kuma makarantar Bolshoi ta yau daga wannan aji take ƙirga shekarunta. Manyan masu ƙasa kamar gidan Sheremetev suna da nasu ƙungiyoyin wasa na bayin gona, mutanen da mallakarsu ne, ana koya musu rawa da waƙa don nishaɗin maigida da baƙinsa. Sai a 1861 aka soke wannan bauta.

Nan ne abin da ya fi ɗaukar hankalina a duk tarihin. Rawar da aka tsara don ɗan sarki ya nuna shi ɗan sarki ne, da aka zo gina mata makarantu na gaske, jikin ɗan bara da maraya aka nema. Dalilin a fili yake. Basarake ba zai miƙa 'yarsa mai shekara tara a yi ta murɗa mata ƙugu shekara takwas don ta ƙare tana nishaɗantar da masu tikiti ba. Matalauci kuwa an ce masa za a ciyar da yaron, a tufatar da shi, a koya masa karatu, in ya gama ga aiki da fansho. Sharaɗin shi ne bayan kammalawa sai ya yi wa gidajen wasan sarki aiki na wasu shekaru. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Tsarin kwana a makaranta da kuɗin baitulmali ya bai wa Rasha abin da wasu ba su da shi: yara da yawa, lokaci mai tsawo, da horo iri ɗaya. Malamai kuma daga waje aka yi ta ɗaukowa, Charles Didelot a 1801, Marius Petipa a 1847, daga baya Enrico Cecchetti daga Italiya. Agrippina Vaganova ta tattara salon Faransa da na Italiya da na gida ta mai da su manhaja guda a littafinta na 1934, kuma tun 1957 makarantar Landé sunanta take amsawa.

Ban da Paris da Rasha, akwai wasu tsofaffin makarantu?

Akwai. Copenhagen ta buɗe tata a gidan wasan sarki a 1771, kuma Denmark ce ke riƙe da bale mafi tsufa da har yanzu ake takawa da ainihin tsarinsa, wani wasan barkwanci na Vincenzo Galeotti daga 1786. Sarki Gustav na 3 na Sweden ya kafa ƙungiyarsa a 1773. Naples ta buɗe makaranta a 1812, gidan La Scala na Milan a 1813.

Milan ta cancanci a tsaya a kanta saboda Carlo Blasis, wanda ya shugabanci makarantar daga 1837 zuwa 1850. Darasin yau da kullum da ake yi a ko'ina yanzu yana bin sawun abin da shi da tsararrakinsa suka daidaita: a fara dafe da sandar da aka kafa jikin bango ana ɗumama gaɓoɓi, a dawo tsakiyar ɗaki a yi motsi a hankali, sannan juyi, a ƙare da tsalle. Ɗaliban Milan suka yi suna da ƙarfin ƙafa. Ɗaya daga cikin 'yan makarantar, Pierina Legnani, ta je Saint Petersburg a 1893 ta yi juyi 32 a jere a kan ƙafa ɗaya, 'yan rawar Rasha suka rasa barci har sai da suka gano sirrin: ido yana kafe a wuri guda, kai ne ke rigan jiki juyowa.

Tsayawa a kan yatsu fa, tun zamanin Louis ake yi?

A'a, ya zo a makare, a farkon ƙarni na 19. Wadda ta mai da shi abin fasaha ita ce Marie Taglioni a wasan La Sylphide a Paris a 1832, inda ta fito a matsayin aljanar iska. Mahaifinta Filippo ne ya horar da ita, wajen awa shida kullum. Takalminta na satin ne mai laushi, an dai yi masa ɗinki a gefen baki don ya ɗan yi tauri, don haka ƙarfin ƙafarta ne ke ɗauke da ita. Takalmi mai ƙaƙƙarfan baki da aka yi da yadi da gam, masu sana'ar Italiya ne suka inganta shi daga baya a ƙarnin.

Yaya rayuwar yaran makarantar Paris take?

Ana kiransu ƙananan ɓeraye, sunan da har yau bai bar su ba, ko da yake yanzu da ƙauna ake faɗinsa. A ƙarni na 19 yawancinsu 'ya'yan masu wanki ne da masu ɗinki da masu gadi, kuma iyaye na jiran ranar da yarinya za ta fara kawo albashi. Daga shekarun 1830 hukumar Opera ta buɗe wa attajiran da ke biyan kuɗin kujera na shekara ƙofar zauren da 'yan rawa ke motsa jiki a bayan dandamali. Kowa ya san abin da ke kai su. Yarinyar da albashinta bai isa haya ba ga mai kuɗi yana tayin zama majiɓinci. Mutum-mutumin da mai zane Edgar Degas ya nuna a 1881 na 'yar rawa mai shekara 14, ɗaya daga cikin waɗannan yara ce ta tsaya aka sassaƙa.

Ga kuma wuta. Fitilun gas ne ke haska dandamali, siket ɗin rawa kuma yadi ne shara-shara. Akwai maganin da ake jiƙa tufafi da shi don kada su kama, amma yana sa su tauri da dauɗa, 'yan rawa da yawa suka ƙi shi. Emma Livry, ɗalibar Taglioni, tana cikin waɗanda suka ƙi. A Nuwamba 1862 rigarta ta kama wuta ana gwajin wasa, ta yi jinya wata takwas ta mutu tana da shekara 20.

Ingila da Amurka fa?

Sun makara ƙwarai. Sai da ƙungiyar Sergei Diaghilev ta 'yan rawar Rasha ta fara zagaya Turai daga 1909 sannan sha'awar ta farfaɗo. A Landan an kafa ƙungiyar malaman da ta zama Royal Academy of Dance a 1920, Ninette de Valois ta buɗe makarantarta a 1926. A New York, George Balanchine, wanda ya fito daga makarantar Saint Petersburg, ya buɗe tasa tare da Lincoln Kirstein a 1934.

A Nijar na ji ana kiran ƙungiyar rawar gargajiya bale. Abu ɗaya ne?

Suna ne ɗaya, rawa daban. A Faransanci kalmar tana iya nufin duk wata ƙungiyar rawa da aka tsara don dandamali. Keïta Fodéba ɗan Gini ya kafa Les Ballets Africains a Paris a farkon shekarun 1950, bayan Gini ta samu 'yanci a 1958 ta zama ƙungiyar ƙasa, sauran ƙasashen da Faransa ta yi wa mulkin mallaka kuma suka yi ta kafa nasu da wannan suna. Ganguna ne da raye-rayen gida, babu tsayuwa biyar a ciki. Bale irin na Louis ya shigo nahiyar ta wasu ƙofofin: Dulcie Howes ta kafa makaranta a jami'ar Cape Town a 1934, Masar kuma ta buɗe cibiyarta a Alƙahira a ƙarshen shekarun 1950, da malaman da aka aiko daga Tarayyar Sobiyet.